Tambaya da Amsa: Na shiga koyon sana'a da ɗoki, yanzu kuma raina ya fita

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan makon kusan duk bakinsu ɗaya, masu koyon sana'a ne da iyayensu ke tambaya ko an yi ɓatan kai wajen zaɓe. Na ɗauki guda huɗu, kuma ta farko zan fi daɗewa a kanta don ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni matashi ne shekarata 19, ina koyon wayarin ɗin gidaje yau wata bakwai kenan. Wallahi ni da kaina na zaɓa ba wanda ya tilasta min, tun ina ƙarami nake kwance rediyo da tocila ina mayarwa. Amma tunda na fara ba abinda nake sai fasa bango, ɗaukar tsani, jan waya a bututu da miƙo wa oga fulaya, ko sau ɗaya bai taɓa bari na taɓa akwatin rarraba wuta ba. Yanzu in gari ya waye ji nake kamar kar na tashi. Anya aikin nan nawa ne kuwa? Ko dama can ba sha'awa ba ce yarinta ce kawai?

AMSA: Ƙanena, ba yarinta ba ce, kuma ban ga alamar ka yi ɓatan kai ba tukuna. Ka sake karanta wasiƙarka da kyau, babu inda ka ce ka tsani wuta ko waya, kukanka duk a kan an hana ka kusantar ainihin aikin ne. Wanda aiki ya fita ransa da gaske ba ya jin haushi don an hana shi taɓa akwatin wuta, murna ma zai yi.

Abinda mutane da yawa suka ɗauka shi ne sha'awa wata aba ce da ake haihuwar mutum da ita a kammale, in ka dace ka gano ta shikenan sai jin daɗi har tsufa, in kuwa ka ji gajiya to ba ita ba ce. Ni kam ban yarda da wannan ba sam, kuma ya sa yara da yawa sun bar sana'ar da da sun ƙara haƙuri kaɗan da ta zama tasu. Wasu masu bincike mata biyu, Suzanne Hidi da Ann Renninger, sun yi bayani a 2006 cewa sha'awa hawa huɗu take bi. Da farko wani abu ne daga waje zai ja hankalinka, kamar rediyon da ka kwance. Sai hawa na biyu, inda sha'awar ke tsayawa amma fa sai da tallafi daga waje, wato sai an samu mai nuna maka, mai ba ka abin yi da ke da ma'ana a wurinka. A na uku ne za ka fara komawa kan abin da kanka ba wanda ya aike ka, kana ƙirƙiro tambayoyinka. Na huɗu kuwa ta zauna daram, ko aikin ya ba ka wahala ba ka gudu. To kai kana hawa na biyu ne, kuma nan ne ta fi saurin mutuwa, don kamar garwashi take a lokacin, in ba a hura ba sai toka ta rufe ta.

Me ke hura ta? Iyawa. Wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba. Akwai wani yaro da na sani yana koyon irin aikinka, kullum fuska a murtuke, har ranar da aka bar shi shi kaɗai ya haɗa makunnin nan mai hanya biyu, wanda ake kunna fitila daga ƙasan bene a kashe daga sama. Sau uku yana haɗawa ba ta kamawa, a na huɗu ya gano waya ɗaya ce ya sa a ramin da ba nata ba, ya gyara, ya danna, fitila ta kawo. Wallahi sai da ya hau benen nan ya sauko ya fi sau biyar yana kunnawa yana kashewa, ba wanda ya sa shi. Daga ranar shi ke fara zuwa wurin aiki. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, ya rubuta tun 1977 cewa yarda da kai a kan wani aiki ta hanya huɗu take samuwa: ka yi da hannunka ka ga ya yiwu, ka ga wani sa'anka ya yi, wani da kake girmamawa ya ce maka za ka iya, sai kuma yadda jikinka ke ji lokacin aikin, ko natsuwa ko faɗuwar gaba. A cikinsu ta farko ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Daga baya a 1994 wasu masana uku, Lent da Brown da Hackett, suka ɗora a kai, suka ce mutum yana ƙara son aikin da ya ga ya iya kuma yake sa ran zai amfane shi. Kaga kenan sau da yawa iyawa ce ke gaba, so na biye da ita, ba kamar yadda muka saba ɗauka ba.

Sai maganar fasa bango da ɗaukar tsani. Ba zan ce maka duk ogan da ke sa yaro aikin wahala yana da hikima a ciki ba, wasu kam aikin banza kawai suka samu. Amma farawa daga gefe tsohon tsari ne a koyon sana'a. Wata masaniya Jean Lave ta zauna da teloli 'yan ƙabilar Vai da Gola a Laberiya a shekarun 1970, ta lura yaro ba ya farawa da yanka, daga ƙarshen aiki yake farawa, sa maɓalli, kalmasa, guga, sai daga baya ya hau keke, yanka kuwa shi ne na ƙarshe don kuskure a nan shi ya fi tsada, in ka ɓata yadi ya ɓaci kenan. A aikinka kuskure a akwatin wuta ba yadi yake ci ba, gida yake ci ko rai. Saboda haka jinkirin kansa ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne, ana matsawa da kai ciki ko kana nan inda kake tun ranar farko? Dubi waɗanda suka riga ka zuwa da shekara ɗaya, me suke yi yanzu? In sun fara haɗa soket da makunni, suna riƙe mita suna gwaji, to layi ne, zai zo kanka. In kuwa wanda ya shekara biyu ma har yau tsani yake ɗauka, to matsalar ba sana'ar ba ce kuma ba kai ba ne, wurin ne.

Ka samu oganka lokacin da hankalinsa ke kwance, ba a tsakiyar aiki ba, ka ce masa cikin ladabi kana so ya gwada ka da ɗaki ɗaya, soket biyu da fitila, ya duba kafin a saki wuta. Ka ba wa kanka wata uku bayan nan. Kuma duk dare ka rubuta layi ɗaya a waya ko a takarda: yau wane aiki na yi da lokaci ya wuce ban sani ba, wanne kuma na yi ina duba agogo. In wata ukun suka cika ka rubuto min abinda takardar ta nuna.

TAMBAYA: Ina yi maka fatan alheri. Shekarata ɗaya da rabi ina koyon ɗinki a wata cibiya, hannuna ya faɗa alhamdulillah har malamarmu na yabona. Amma gaskiya zaman keke yana gundurata. Abinda nake so shi ne in kwastoma ta zo na yi mata awo, mu zauna mu zaɓi salo, na ce mata wannan zai fi miki kyau, na lallashi wadda ta zo da fushi. Ƙawayena suna cewa wai ni ba tela ba ce 'yar surutu ce. Shin na bar ɗinkin ne na nemi wani abu?

AMSA: 'Yar'uwa kar ki bari tukuna, don abinda ya same ki abin murna ne. Kafin ki shiga, "ɗinki" kalma ɗaya ce a kanki. Yanzu da kika shiga ciki kin gano ashe ba aiki ɗaya ba ne, akwai awo, akwai zana salo, akwai yanka, akwai zaman keke, akwai hulɗa da mutane, akwai lissafi da tsara lokacin karɓar kaya, kuma zuciyarki ta fara ware wanda ta fi so. Haka sha'awa ke girma a lokacin koyo, tana farawa da faɗi sannan ta tsuke ta nuna wuri ɗaya. Wanda bai shiga ba ba zai taɓa sanin wannan bambancin ba.

Wani masani ɗan Amurka, John Holland, ya fito da wani tsari tun 1959 wanda har yau masu ba da shawara kan aiki ke amfani da shi. Ya kasa sha'awar aiki gida shida: masu son aikin hannu da inji, masu son bincike da gano dalili, masu son ƙirƙira da ƙawata abu, masu son taimakon mutane da koyar da su, masu son jagoranci da shawo kan mutane da ciniki, sai masu son tsari da lissafi da adana bayanai. Bai ce kowa gida ɗaya yake ba, yawanci mutum yana da uku da suka fi ƙarfi a jikinsa, haka ma kowace sana'a gauraye take. Daga wasiƙarki ina ganin ƙirƙira, mutane da ciniki su ne naki, aikin hannu na biye a baya. To ai shagon ɗinki da ya bunƙasa yana neman irinki ido rufe. Sau nawa muka ga tela gwani wanda hannunsa ba na biyu amma ba ya iya riƙe kwastoma, ba ya iya cewa "wannan salon ba zai zauna a wannan yadin ba" ba tare da an ɓata ba?

Sai dai zan gaya miki gaskiya, kar ki saki keken yanzu. Shawarar da kike bai wa kwastoma tana da nauyi ne saboda kin san yadda yadi ke faɗuwa, kin san inda zif ke tauri, kin san abinda zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Ki kammala, ki dage musamman a kan yanka da fitar da salo, ki roƙi malamarku ta riƙa barin ki da masu kawo ɗinki. Nan gaba ko ki haɗa kai da wadda ita kuma zaman keken take so ba ta son hayaniyar mutane, irinsu suna nan da yawa a ajinku in kin duba.

TAMBAYA: Ni uba ne. Ɗana ɗan shekara 16 na sa shi koyon kanikanci, sai ya zo min da wani gwaji da ya yi a intanet wai ya nuna shi bai dace da aikin hannu ba, aikin ofis ne nasa. Shin a yarda da irin wannan gwajin?

AMSA: Baba, a saurare shi amma kar a ba shi alƙalanci. Asalin wannan tunanin mai kyau ne, Frank Parsons da ya buɗe ofishin ba da shawara kan sana'a a birnin Boston na Amurka a 1908 cewa ya yi mutum ya san kansa, ya san aikin, sannan ya auna biyun da hankali. Matsalar ita ce yaro ɗan 16 bai gama sanin ko ɗaya ba. Gwajin tambayarsa yake "kana son kaza?" shi kuma yana amsawa a kan abubuwan da bai taɓa yi ba. Wani nazari da aka fitar a 2005, wanda ya tattara bincike da dama da suka bi mutane shekara da shekaru, ya nuna sha'awar aiki ta fi zama daram daga wajen shekara 18 zuwa 22, kafin nan tana da ɗan motsi. Kuma ko a manya, dacewar sakamakon irin wannan gwaji da aikin mutum tana da alaƙa da jin daɗin aikin, amma alaƙar ba ta kai ƙarfin da ake zato ba, halin maigida da abokan aiki da abin da ake samu duk suna da nasu kason.

Amma Baba, yaron da ya je ya nemo gwaji ya kawo maka, magana yake son yi da kai bai san ta inda zai fara ba. Ka zaunar da shi ka tambaye shi me ya fi ƙi a garejin, me kuma yake ɗan so. A ƙasar Suwizalan, inda kusan kashi biyu cikin uku na matasa ke bin hanyar koyon sana'a, yaro kan je ya yi 'yan kwanaki a wurin aiki don ɗanɗanawa kafin ya sa hannu a yarjejeniya. Ka yi masa irin wannan, ya yi mako guda a ofishin da yake hange ya ga yadda wuni ke tafiya a kan kujera. Kanikancin yanzu ma ai ya haɗa da kwamfuta, akwai masu sa na'ura su karanta matsalar mota, wataƙila can ne zai zauna.

TAMBAYA: Malam ni shekarata 27, na yi shekara biyu ina koyon fentin mota. Na iya, ogana mutumin kirki ne ba abinda ya rage ni da shi. Amma kullum da tari nake kwana, ƙirjina na ɗaurewa in na yi feshi ko da na sa takunkumi, kuma ko ranar da aiki ya yi kyau ba na jin komai a raina. Ina jin kunyar ogana da iyayena, ga shekaru sun ja. In na bari ban yi asarar shekara biyu ba?

AMSA: Ɗan'uwa, kai amsarka daban take da ta ƙaninmu mai wayarin, kuma ina so ka ji ni da kyau. Kafin komai ka je asibiti, ka gaya wa likita ainihin aikin da kake da irin fentin da kuke fesawa. Wasu fentin mota, musamman masu haɗi biyu da ake zuba wa sinadarin ƙarfafawa, an san suna jawo asma, kuma in jiki ya riga ya kamu to ko kaɗan ka shaƙa sai ta tashi, takunkumin ƙura na yau da kullum kuma ba ya tare wannan. Ba raki kake ba. Haka masu gyaran gashi da masu aikin siminti ke fama da ciwon fata, wasu dole su bar aikin komai son da suke masa. Dacewa da aiki ba a zuciya kaɗai take ba, jiki ma yana da ta cewa.

Sai abu na biyu, ka ce ka iya, wurin yana da kyau, an ba ka ainihin aikin, amma ko ya yi kyau ba ka jin komai. Wasu masana biyu a Jami'ar Minnesota, Dawis da Lofquist, tun shekarun 1960 suka ce zaman mutum a aiki ƙafa biyu gare shi, aikin ya gamsu da kai, kai ma ka gamsu da aikin. Kai ƙafa ɗaya ce ke ƙasa. Na ce wa ƙaninmu ya jira don shi ba a ba shi dama ba tukuna, kai kuwa an ba ka, shekara biyu cur, iyawa ta zo amma so bai biyo ta ba. Wannan shaida ce, ba zargi ba.

Batun kunya kuma, bari na ba ka misali da Jamus, ƙasar da ake yabo a duniya wajen koyar da sana'a, inda ɗalibi ke raba lokacinsa tsakanin kamfani da makaranta na shekara biyu zuwa uku da rabi. Dokarsu ta ajiye lokacin gwaji na wata ɗaya zuwa huɗu a farko, wanda a cikinsa ɗalibi ko kamfani kowa na iya janyewa ba sai ya kawo dalili ba, bayan nan ma ɗalibi na iya ba da sanarwar mako huɗu in zai canza sana'a. A 'yan shekarun nan sama da yarjejeniya ɗaya cikin huɗu ake warwarewa kafin a kammala, abin ya fi yawa a aikin otal da gidajen cin abinci da gyaran gashi, kuma da yawa daga cikin waɗannan ba barin koyo suke ba, wani kamfanin ko wata sana'ar suke komawa. In tsarin da ya kai wannan kyau ya san cewa dole wasu su sauya, kai me zai sa ka ɗauka abin kunya ka yi?

Shekara biyun kuma ba su tafi a banza ba. Idonka ya san launi, hannunka ya san gyara fuskar jikin mota kafin a shafa fenti, ka san jikin mota ciki da waje, ka san yadda ake magana da mai mota da ya zo ransa a ɓace. Ka nemi abinda ke maƙwabtaka da wannan wanda ba feshi a ciki, kamar duba ɓarnar mota da ƙiyasta kuɗin gyara, ko harkar kayan gyara, ko wayarin ɗin mota in likita ya ce zaman garejin ba zai cutar da kai ba. Ka riƙa zuwa wurin wuni ɗaya a mako kafin ka yanke, kar ka sake shiga da ka. Ogan naka kuma tunda ka ce mutumin kirki ne, ka je masa da takardar likita a hannu ka faɗa masa kai tsaye, kar ya ji a bakin wani, ka kuma roƙe shi ya haɗa ka da wanda ya sani a sabon fannin. Iyaye ma takardar nan za ka fara nuna musu kafin ka kawo maganar canji.

Masu son aiko da tambaya, ku riƙa faɗin shekarunku, tsawon lokacin da kuka yi kuna koyo, da ainihin aikin da ake ba ku a wuni, don da su nake iya gane inda matsalar take. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.